Mahfuzu Tela da Zuciyarsa Mai Huji

A Tama, in ka tambayi gidan Mahfuzu ɗan Mahamud, wasu sai sun yi ɗan jim kafin su gane wanda kake nufi. Amma ka ce Sha-Inuwa, kowa zai nuna maka rumfar da ke bakin kasuwa, inda keken ɗinki yake ƙara. Sai dai kada ka kuskura ka kira shi da sunan nan a gaban idonsa. Ya taɓa jifan wani dillalin albasa da almakashi a kan haka, Allah ya kiyaye buhu ya samu.

Mahaifinsa ne ya laƙaba masa shi. Mahamud manomi ne da ba ya wasa da aiki: gonar hatsi a kan tudu, garkar albasa a fadama mai rijiyar da ba ta ƙafewa ko da bazara. Ƴaƴansa maza biyu ne suka rayu, Alƙasim da ƙanensa Mahfuzu. Alƙasim ƙirar ƙarfi gare shi tun yana yaro, in ya kama hauya sai an ce ya bari. Mahfuzu kuwa ba ya nisa sai ka gan shi ya dogara da ƙotar hauya, baki buɗe, ƙirji na bugawa kamar ana daka a ciki. Daga nan sai ya ja jiki zuwa gindin aduwa.

"Tashi, raggo!" in ji uban. "Dibi wanka. Kai sai shan inuwa kaɗai kas sani."

Ya sha tsumagiya, ya sha gori. Da damina ta yi sanyi sai tari ya kama shi ya daɗe, uwarsu Jima ta dafa masa sassaƙe ta ce sanyi ne. Lokacin da sa'o'insa suka fara tafiya biɗa, wato neman kuɗi, wasu Abijan wasu Libiya, shi ma ya bi su har Agadas. Aka sa shi ɗaukar bulo, kafin ya san garin an sallame shi. Ya sauka a tashar Tama da ƙunshin kayansa, samari suna dariya. Tun daga nan abin da ya rasa a damtse ya tara shi a harshe. Ka gaya masa guda, ya mayar maka da wadda za ka daɗe kana jin zafinta, ba ruwansa da furfurarka.

Jima ce ta nema masa mafita. Ta kai shi Madawa wajen wani tela, Surajo, ta ce ga sana'ar zaune. Ya koya, ya kuma iya. Ya dawo Tama da keken ɗinki na ƙafa, ya kafa rumfa. Mata sukan ce bakinsa ba kyau amma hannunsa da kyau, haka nan suke kawo masa atamfa suna shan baƙar magana. Ya auri Fiddausiya, ƴar Bangi, mace marar hayaniya wadda in ta ce a'a ta gama magana. Suka haifi ƴa guda, Hafsa.

Da Mahamud ya rasu aka zauna rabon gado. Gonar tudu ta fi garka faɗi nesa ba kusa ba, amma rabinta duwatsu ne. Dattawa suka ce a yi kashi biyu, ɗaya ya ɗauki garka ɗaya gona. Kafin Mahfuzu ya buɗe baki wansa ya riga shi.

"Garka ta mai iya jan ruwa ta," in ji Alƙasim. "In an ba ka, mi za ka yi da ita? Tabarma za ka shimfiɗa?"

Aka yi dariya, har da dattawan. Mahfuzu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Tun tasowarsu Yaya yake ce masa, amma ranar ya dube shi ya ce, "Ka ci, Alƙasim." Ya fice.

Sati bai zagayo ba aka ja katanga a tsakiyar gidan. Jima ta faɗa ɓangaren babban ɗanta. Maza suka daina gaisawa. Matan dai ba su bi su ba: Fiddausiya da Mansura matar Alƙasim suna miƙa wa juna kwano ta saman katanga, suna aron turmi, mazan suna yi kamar ba su gani.

Mahfuzu ya haura talatin lokacin da jikinsa ya fara juya masa baya. Da fari takalmi ne ya matse shi da yamma. Sannan ƙafafun suka kumbura har in ya danna ƙwauri da yatsa sai rami ya zauna. Ciki ya biyo baya, ya yi tsiri kamar na mai juna biyu. Taka keke ya gagara, kwanciya rigingine ta gagara, sai barci a jingine. Ga kayan Sallah na mutane jibge a rumfa.

Abin ya zo daidai da sunan da aka yi a gidan Alƙasim, inda Mansura ta miƙo masa da nama ta saman katanga, Mahfuzu ya ci. Wata tsohuwa ta haɗa wannan da wancan a bakin rijiya, magana ta tashi. Ran kasuwa aka kawo masa wani boka, Gajere, daga wajen duwatsun Keita. Ya latsa cikin, ya girgiza kai.

"An ba ka cikin nama. Kuma hannun bai da nisa, jininku guda."

Mahfuzu ya ji wani abu ya kwanta masa a rai. Ciwo dai yana nan, amma yanzu yana da suna, kuma sunan da ya fi so ya ji ne. Gajere ya ba shi jiƙo mai ɗaci da kanwa a ciki, ya ce zai amayar da abin. Ya yi amai har ya galabaita, kumburin kuwa sai abin da ya ƙaru.

Fiddausiya ba ta yi shawara da kowa ba. Ta nemo amalanke ta ce a ɗora shi, yana zaginta tana gyara masa matashi. A likitar gari, wato ƙaramin asibitin Tama, majo Tasi'u, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a wuce Buza. A Buza aka yi masa allurai, ya yi ta fitsari kamar ba zai daina ba, numfashi ya ɗan sauka. Suka ce sai Tawa, can ne ake da na'urar duba zuciya.

A Tawa suka dace da likitan zuciya, wani Bashiru, mutum mai magana a hankali. Ya shafa wa Mahfuzu wani mai mai sanyi a ƙirji, ya ɗora kan na'urar da suke kira eko, hoton zuciyar ya fito a allo tana motsi. Ya juyo da allon wajensu.

"Malam Mahfuzu, zuciya ɗaki huɗu gare ta. Tsakanin na sama guda biyu akwai bango. Naka bangon da huji a ciki, babba. Ga shi nan. Jini yana bi ta nan yana komawa inda bai kamata ba, ɓangaren dama yana ta aikin da ya fi ƙarfinsa, yanzu ya gaji. Shi ya sa ruwa yake taruwa a jikinka."

"Mi ka huda zuciya?" in ji Mahfuzu. "Abin da aka ba mutum shi ci?"

"Babu abin da za ka ci ya yi wannan. Da shi aka haife ka. Kana yaro kana iya gudu da sa'o'inka?"

Fiddausiya ce ta ce, "Ko noma bai iyawa, likita."

"Ba zai iya ba. Da an gano tun yana ƙarami, da an yi aiki an rufe. Yanzu jijiyoyin huhu sun yi tauri, rufewa sai ta fi cutar da shi. Abin da ya rage magani ne."

Ya yi musu bayani dalla-dalla. Ga farar ƙwaya, furosemid, da safe, ita ce mai fitar da ruwa. Ga wata da za ta taimaka mata. In jiki ya karɓa, daga baya za a ƙara ta uku don rage wa zuciyar gudu. A bar gishiri, a bar kanwa, a bar magi. Kada ya sha maganin ciwon jiki na masu talla, yana riƙe ruwa yana ɓata ƙoda. A dinga dawowa ana auna jini.

"Ba zan ɓoye maka ba," in ji likitan. "Magungunan nan an fi sanin aikinsu a kan zuciyar da tsufa ko hawan jini ya gajiyar. Irin taka kowa da yadda tasa take. Za mu fara da kaɗan mu gani. Ba za su rufe hujin ba, amma za su iya riƙe ka."

A motar komowa Mahfuzu ya juya wa matarsa baya. Yana kallon duwatsu ta taga, yana tuna gindin aduwa da tsumagiya. Can ya juyo ga matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"In kinka hwaɗa ma wani abin da likitan ga yac ce, a bakin aurenki."

"Baban Hafsa, mutane na cewa Yaya na yab ba ka sammu."

"Su ce."

Magani ya yi aiki. Kafin wata ya ƙare ƙafafu sun saɓe, ciki ya koma, ya hau kekensa. Sai dai ba a zauna lafiya a gidan ba. Farar ƙwayar takan hana shi zaman rumfa da safe, yana tsakiyar gwada mutum sai ya ajiye ya ruga bayan gida, ya dawo yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro ta. Miya ba gishiri kuwa, ranar farko da ƙafa ya ture kwanon. Fiddausiya ta kwashe, ta sake zubo masa irinta. Ta koyi ƙara tafarnuwa da citta da tsamiya, ta ɓoye gishirin a ɗakin maƙwabciya.

Masu zuwa barka suna tambaya, me likitocin Tawa suka gani? Shi kuwa sai ya kaɗa kai ya ce, "Sun ga abin da sunka gani. Shina hita cikin hitsari kaɗan-kaɗan." Bai kira sunan kowa ba. Ba ya ma bukata.

Alƙasim ya fara ganin sakamakon zargin a masallaci, wanda ke kusa da shi a sahu sai ya ɗan matsa. Ƴan ƙwadagon da ke zuwa masa dashen albasa daga Galma suka ce sun sami wani wuri, don ba sa iya cin abincin gidansa. Mafi muni shi ne bikin ƴarsa Zaliha. Mansura ta yi girki na gani na faɗa, aka rarraba gida-gida, yara suka yi ta dawowa da kwanuka ba a ko buɗe ba. Fiddausiya tana jin kukanta ta bayan katanga. Ta shiga ɗaki ta sami mijinta yana datse zare.

"Ba ka jin tsoron Allah?"

"Sa'adda anka raba gado shi ya ji?"

Alƙasim ba mai lallashi ba ne. Bai je wajen kowa ya wanke kansa ba, sai ma ya ƙara ɗaure fuska, ya mari wani saurayi da ya yi masa habaici a tasha. Mutane suka ce ai ga shi nan, mai gaskiya ba ya haka.

Da bazara ta kankama, likita Bashiru ya ƙara ƙwaya ta ukun. Ba a daɗe ba, ran wata kasuwa da rana tsaka, Mahfuzu ya miƙe daga kan keke, duniya ta juya masa, ya zube a gaban jama'a. Aka kwashe shi zuwa wajen majo. Tasi'u ya auna tansiyo, wato awon hawan jini, ya ga ta faɗi ƙwarai: ga zafi, ga mai fitar da ruwa, ga sabuwar ƙwaya. Ya kira likitan a waya, aka rage ta zuwa rabi, kafin la'asar Mahfuzu ya dawo hayyacinsa. Amma labari ya riga shi zagaya gari: an sake jifansa. Washegari Alƙasim ya je garka ya tarar an yayyanka tiyon injin ban-ruwansa, an tattake albasar da ya bari ta iri.

Daga garkar bai biya gida ba, sai ƙofar maigari. Ya ce a tara mutane, a kira ƙanensa, zai dafa Alƙur'ani.

Aka taru da hantsi a ƙarƙashin itacen bedi. Mahfuzu ya zo a hankali yana dogara sanda, aka ba shi kujera. Alƙasim ya yi alwala a gaban kowa, ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ku kawo shi. In ni nib ba ɗan'uwana wani abu don shi cutu, kada Allah shi nuna min damana."

Maigari ya dubi Mahfuzu. "Kai mi kac ce? Rantsuwa tsakanin ciki guda ba ƙaramin abu ba ta."

"Ni ban kira sunan kowa ba. Shi rantse in shina so."

Liman ya fara kwance gafakar Alƙur'ani. Sai ga Fiddausiya ta ratso ta bayan maza, ta durƙusa a gefen tabarma, ta ja mayafi.

"Ranka shi daɗe, a dakata. Ni nir raka shi Tawa, da kunnena nij ji. Likita ya ce huji na ga zuciyatai, da shi anka haihe shi. Ya ce ba abin da mutum ka ci shi yi haka. Faɗuwar kasuwa kuma magani na yay yi mai yawa, a tambayi majo." Ta juya wajen mijinta ba ta ɗaga ido ba. "Baban Hafsa, ban mance abin da kac ce ba. Na ɗauka."

Kowa ya zuba wa Mahfuzu ido, ana jiran ya ƙaryata ko ya sunkuyar da kai. Sai ya dafa sanda ya miƙe, leɓɓansa sun yi duhu.

"I, huji na! Da shi Inna ta haihe ni! To, wane na cikinku bai taɓa ce min raggo ba? Kai, maigari, ka ce. Liman, kai ma ka ce. Baba na bugu na, wanga na riƙe mai da ni." Ya nuna wansa da sanda, ya tsaya ya ja numfashi. "Tun ina yaro nika ɗauke da sunan abin da ban yi ba, ba wanda yat tara min mutane. Shi ɗan watannin ga nai sunka ishe shi? Shi ɗanɗana!"

Alƙasim ya dube shi. Da ya yi magana, ba da ƙarfi ya yi ba.

"Ni ban san da huji ba. Kai kau ka san ba sammu, kana zamne anka maido abincin bukin ɗiyata. Ba ɗaya muke ba." Ya juya ga maigari. "A shaida, daga yau ba ni da ƙane."

Liman ya mayar da Alƙur'ani cikin gafaka. Da aka gaya masa sharaɗin da Mahfuzu ya gindaya wa matarsa, ya ce saki ɗaya ya auku. Ranar Fiddausiya ta ɗaure kayanta, ta kama hannun Hafsa, suka hau motar Bangi.

Garin da ya juya wa Alƙasim baya sai ya juya wa Mahfuzu. Waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar sammu su ne suka fi kowa tsine masa. Mata suka kwashe atamfofinsu. Ya zauna a gida shi kaɗai da ledar magani, ba ya bambance ta safe da ta yamma, don duk tsawon lokacin nan hannu kawai yake miƙawa a zuba masa. Ya koma cin shinkafa da wake na kasuwa da tsire mai yaji, yana cewa ko ba komai ya huta da miyar marasa lafiya. Farar ƙwaya ta ƙare, bai je Buza ya sayo ba. Bayansa ya yi ciwo, ya sayi jan magani wajen mai talla a kan keke.

Jima ce ta gano shi. Ta kwana biyu ba ta ji ƙarar ƙofarsa ba, ta zagayo da sandarta, ta same shi jingine da bango, ƙafafu kamar turame, yana jan numfashi da ƙyar. Ta koma ta sami babban ɗanta yana ɗaure buhu a kan moto, babur ɗinsa.

"Ƙanenka za ya mutu."

"Inna, na hwaɗi gaban mutane. Ba ni da ƙane."

Tsohuwa ta taka da ƙafarta har wajen majo. Aka kai Mahfuzu Buza, aka sa masa iskar numfashi, aka koma allurai. Da ya iya zama aka mayar da shi Tawa. Likita Bashiru ya duba sakamakon jini, ya ce ƙodar ta taɓu amma za ta farfaɗo in ya kiyaye.

"Na gaya maka maganin nan riƙo yake yi. Ka sake shi, ya sake ka. Ina matar da ta kawo ka wancan karon?"

"Ta tahi gidansu."

"To, ka san abin da ya kamata ka fara nema kafin farmasi."

Mahfuzu ya ce masa aikinsa zuciya ne, ba aure ba. Amma kafin idda ta cika ya hau motar Bangi. Ya durƙusa gaban surukinsa, Malam Ɗanasabe, ya gaishe shi, sannan ya ce ya zo ɗaukar iyalinsa. Kalmar haƙuri dai ta ƙi fita daga bakinsa. Fiddausiya ta amsa daga bayan zana: magani a hannunta zai zauna, ba zai sake ture mata kwano ba, kuma zai je ya ba Mansura haƙuri. Ya yarda da biyun farko nan take. Na ukun ya ce zai yi yadda ya iya.

Yadda ya iya shi ne ya sayi atamfa mai kyau, ya zauna ya ɗinka wa Mansura riga da zane, ɗinkin da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba, ya ba Fiddausiya ta miƙa ta saman katanga. Da yamma kayan suka dawo ta inda suka bi, suka faɗo cikin toka. Alƙasim ne ya jefo su. Bayan kaka ya gina gida a hanyar garka, ya kwashe iyalinsa da uwarsu, ya toshe ƙofar tsohon ɓangarensa da bulo.

Aka ɗauki lokaci a haka. Masu ɗinki suka dawo ɗaya bayan ɗaya, don Tama ba ta da wanda ya kai shi. Sai Zaliha ta zo wankan jego gidan ubanta da jaririya mace. Fiddausiya, wadda ba ta daina zuwa wajen Mansura ba, ta dawo wata rana ta ce wa Mahfuzu jaririyar nan ba ta ƙiba, in tana shan nono sai ta saki tana haki, goshinta ya jiƙe da zufa. Da safe, bayan ƙwaya ta gama wahalar da shi, ya ɗauki sanda ya kama hanyar fadama, wadda rabonsa da ita tun ranar gado. Ya huta a hanya ya fi a ƙirga. Ya sami wansa a bakin rijiya yana gyara tiyo.

"Jikarka. A kai ta Tawa a yi mata eko."

Alƙasim bai ɗago ba. "Ka zaka ka yi mata baki?"

"Ba don kai niz zaka ba. In ba komi, ka zage ni gaban kasuwa. In akwai, yanzu aka gyara shi, ba sai ta kai inda nik kai ba."

Alƙasim ya miƙe, ya naɗe igiyar injin a hannu, ya fizga. Inji ya ɗauki ƙara, ruwa ya tunkuɗo. Mahfuzu ya ci gaba da magana, ana ganin bakinsa na motsi ba a jin komai. Da numfashi ya ƙare masa ya tofar da yawu, ya juya.

Ba a jima ba Zaliha da mijinta suka kai yarinyar Tawa. Aka sami huji, amma ba irin na Mahfuzu ba, aka ba ta ɗan magani, aka ce a dinga kawo ta, in bai rufe da kansa ba za a tura su Yamai a duba batun aiki tun da sauran lokaci. Wasu sun ce Mansura ce ta matsa. Wasu sun ce da idonsu suka ga Alƙasim a tasha yana sa su mota. Shi dai bai taɓa ɗaga maganar ba, godiya kuwa ba ta iso rumfar tela ba.

Mahfuzu yana nan. Ya rame, leɓɓansa sun ƙara duhu, daga gida zuwa kasuwa sai ya tsaya a hanya. An sa wa kekensa ƙaramin inji mai aiki da hasken rana, ƙafa ta huta. Fiddausiya takan zuba masa ƙwayoyinsa a tafin hannu da safe, ta tsaya sai ya haɗiye, takan danna ƙwaurinsa da yatsa kafin ya fita. Wani zuwan Tawa a ƙara masa, wani zuwan a rage. Yana zagin maganin, yana sha.

Shi da wansa sukan haɗu a jana'iza ko a masallacin Juma'a, kowa ya kalli gabansa. Har yau Alƙasim Madawa yake kai ɗinkin Sallarsa. Wani ya taɓa gaya wa Mahfuzu haka don ya ji abin da zai ce. Bai ɗaga kai daga kan allura ba.

"Shi kai. Telan can bai iya wuyan riga ba."